Siyayyar Sirri a Matsayin Ɗan Kwangila: Tambayoyi da Amsoshi Kan Abubuwan da Ke Ɓata Rai a Aikin

Masu siyayyar sirri, wato waɗanda ake biya su shiga kanti kamar masu saye su dawo da rahoto kan yadda aka karɓe su, ba su cika kuka da shiga kanti ba, don nan ne aikin ya fi sauƙi. Ɓacin ran yana zuwa ne kafin a shiga da kuma bayan an fito: takardar umarni mai shafi goma, rahoton da aka dawo da shi, kuɗin da aka kashe daga aljihu ana jira wata biyu. Ga tambayoyin da suka fi yawo a bakin sababbin shiga da tsofaffin hannu, da abin da muka sani a kan kowace.

Wa nake yi wa aiki ne, kantin ko kamfanin?

Kamfanin. Mai kanti, ko banki, ko otal, ko gidan mai, shi ke ɗaukar kamfanin siyayyar sirri ya ce a duba masa yadda ma'aikatansa ke karɓar baƙi. Kamfanin ya tsara tambayoyi, ya nemi irinka ka je ka yi kamar mai saye, ka dawo ka ba da labari. A cikin kamfanin mutum biyu za ka riƙa hulɗa da su: mai rabon aiki, wanda ke ba ka ziyara, da edita, wanda ke tace rahotonka kafin ya isa ga mai kanti. Sau da yawa su ma 'yan kwangila ne, ana biyansu gwargwadon ziyarar da suka cike ko rahoton da suka tace. Ka riƙe wannan, domin shi ke bayyana maka dalilin da ya sa mai rabon aiki ke damunka da kira ƙarshen wata, edita kuma ke jin zafin rahoton da zai ci masa lokaci.

Sana'ar ta daɗe. Tun shekarun 1940 ake yinta a Amurka, lokacin da babban abin da ake dubawa shi ne ko mai karɓar kuɗi yana saka cinikin a akwati ko a aljihunsa. Yau an fi duba gaisuwa, tsabta, saurin hidima da sanin kaya.

Me kalmar "ɗan kwangila" ke hana ni, me kuma take ba ni?

Tana hana ka kusan duk abin da ma'aikaci ke samu. Babu albashin wata, babu mafi ƙarancin lada na awa, babu hutun rashin lafiya, babu fansho, babu kuɗin mai ko na mota sai in an rubuta a cikin aikin. Waya taka ce, data taka ce, haɗarin hanya naka ne. Kamfanin bai yi maka alkawarin ko ziyara ɗaya ba, kuma yana iya daina ba ka aiki ba tare da ya faɗi dalili ba.

Abu biyu take ba ka, kuma da yawa ba sa amfani da su: ikon ƙin aikin da bai yi maka ba, da ikon yin rajista da kamfanoni da yawa lokaci guda. Wanda ya tsaya a kamfani ɗaya yana karɓar duk abin da aka miƙo masa ya ɗauki takurar ma'aikaci ba tare da albashin ma'aikaci ba.

Yarjejeniyar da ka danna "na amince" a kanta ranar rajista ita ce dokar da ke tsakaninku. Ka adana kwafinta. Wurare huɗu za ka nema a ciki: ranar biya, dalilan da za su sa a ƙi rahoto, tsawon lokacin da za ka ajiye rasit, da sharaɗin rufe baki a kan sunayen kantunan da kamfanin ke wa aiki.

An ce ziyarar minti 20 ce. Me ya sa ta cinye mini rabin yini?

Saboda minti 20 ɗin lokacin da za ka yi a cikin kantin ne kawai. Ka yi lissafi da kanka. Karanta takardar umarni karon farko, minti 20 zuwa 30. Wasu ayyukan suna da ɗan gwaji da sai ka ci kafin a sakar maka ziyarar, ƙara minti 10. Zuwa da dawowa, a ce minti 40. Jiran layi ko jiran ma'aikaci ya kula ka, ba ka da iko a kansa. Sai rahoto: mai tambayoyin "e ko a'a" zalla yana ƙarewa cikin minti 15, amma wanda ke son bayani a rubuce a ƙarƙashin kowane sashe yana iya cin awa guda, na otal ko na gidan cin abinci mai tsada ya ci biyu ko uku. Idan edita ya dawo da tambaya, ka sake zama.

Saboda haka kafin ka karɓa, raba ladan da awannin gaskiya, bayan ka cire kuɗin hanya. In kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba, ka bar shi. Abin da ke gyara lissafin abu biyu ne: maimaita aiki iri ɗaya har fom ɗin ya zauna maka a ka, da haɗa ziyara uku ko huɗu a hanya ɗaya, ko da na kamfanoni daban-daban ne. Ziyarar farko ta kowane sabon aiki kusan kullum asara ce ta lokaci.

Mene ne bambancin lada da kuɗin da ake mayarwa?

Lada shi ne kuɗin aikinka. Kuɗin mayarwa kuwa naka ne da ka kashe, ake dawo maka da shi, kuma yana da iyaka. A nan mutane ke yawan ƙonewa. Umarni zai ce ka sayi abu kaza da kaza, iyakar mayarwa kaza ce, amma farashin kantin ya tashi tun bayan da aka rubuta umarnin. Rarar a kanka take. Haraji a kan kaya, kuɗin ajiye mota, da ɗan ihsanin da ake ba mai kawo abinci, wani lokaci suna cikin iyakar, wani lokaci ba sa ciki. Ka tambaya a rubuce kafin ka tafi.

Akwai ayyukan da babu lada ko kaɗan, mayarwa ce kawai. Waɗannan suna da amfani ne idan abin da za ka saya dama kana bukatarsa, kamar canjin man inji ko gwajin ido. Idan ba ka bukata, ka yi wa kamfanin aiki kyauta, ka kuma ranta masa kuɗi.

Yaushe ake biya, kuma me ke riƙe kuɗin?

Kamfanoni da yawa suna biya ne kwana 30 zuwa 60 bayan ziyara, wasu a wata ƙayyadaddiyar rana ta watan da ke biye. Ziyarar da ka yi ranar 2 ga wata tana iya jiran ƙarshen watan gaba. Manhajojin waya masu ƙananan ayyuka sun fi sauri, amma ladansu ya fi ƙanƙanta. Dalilin jinkirin shi ne yawancin kamfanonin sai mai kanti ya biya su suke biyanka.

Idan ranar ta wuce shiru, duba waɗannan kafin ka ɗaga murya. Shin rahoton ya nuna an amince da shi, ko yana nan a matsayin wanda ake dubawa? Adireshin imel ɗin da ka ba kamfanin daidai yake da na asusunka na PayPal (hanyar karɓar kuɗi ta intanet), harafi da harafi? Ka cike takardar haraji da suka nema? Wasu kamfanonin ba sa sakin kuɗi sai ya kai wani adadi. In duk waɗannan lafiya lau ne, rubuta wa sashen biya, ba mai rabon aiki ba, don shi ba ya taɓa kuɗi. Sa lambar aikin, ranar ziyara, adireshin reshen, lada da kuɗin mayarwa, kowanne daban. Wasiƙa mai lambobi ana amsa ta. Mai zafin rai zalla tana kwana a akwati.

Shawararmu ga sabon shiga: kada ka bar kuɗin da ya fi ƙarfinka a hannun kamfanin da bai taɓa biyanka ba. Yi masa ƙaramin aiki ɗaya ko biyu, ka ga kuɗi a asusunka, sannan ka ɗauki mai nauyi.

Na yi ziyarar, na kashe kuɗina, an ce ba a karɓi rahoton ba. Haka kawai?

Wannan ce ta fi ciwo, domin ƙin rahoto yana nufin babu lada, babu mayarwa. Kuma yawanci a kan abu ƙarami ne da ba ya gyaruwa.

Mafi yawa shi ne kuskuren reshe. Kanti ɗaya yana da rassa biyu a titi ɗaya, ko ɗaya a cikin babbar kasuwar zamani ɗaya a bakin hanya, taswirar waya ta kai ka wanda ba shi ba. Rasit zai tona, don adireshin reshe yana jikinsa. Kafin ka shiga, gwada lambar ginin da ta takardar aikin.

Na biyu shi ne lokaci. In an ce tsakanin ƙarfe 11 da 2, rasit mai 2:04 ya fita. Wasu kamfanonin lokacin shigarka suke dubawa, wasu lokacin da ke kan rasit. Kada ka isa a ƙurarren lokaci, bar wa kanka rabin awa. Haka in an ce ka zauna aƙalla minti 15, kada ka fita a na 13.

Na uku shi ne sauya labarin da aka ba ka. An ce ka tambayi wayar da za ka saya wa mahaifiyarka, ka bar mai sayarwa ya kawo shawara. Kai kuma ka shiga ka ambaci samfurin da bakinka. Ka kashe abin da ake son aunawa ke nan, domin ana son a ga ko zai yi maka tambayoyi ya gano bukatarka. Haka in an ce ka nuna jan ƙafa sau ɗaya a kan farashi, ka manta: sashe guda na fom ɗin ya zama babu amsa.

Sauran su ne rasit da ya ɓace ko hotonsa ya yi dishi-dishi, sayen abin da ba shi aka ce ba, zuwa da yaro ko aboki a ziyarar da aka ce kai kaɗai, rashin sunan ma'aikaci tare da rashin kwatancinsa, da miƙa rahoto bayan wa'adi. Wa'adin yakan kasance awa 12 ko 24, wani lokaci kafin tsakar daren ranar.

Takardar rasit ta injin kanti tana kodewa, musamman in ta sha zafi a cikin mota. Ɗauki hotonta da zarar ka bar wurin, a shimfiɗe, kusurwa huɗu suna fitowa, kwanan wata da lokaci da adireshi suna karantuwa. Ajiye ta asali wata shida, ko abin da yarjejeniya ta ce.

In ka tabbata ka bi umarni, ka nemi a nuna maka layin da ka saɓa. A nan ne kwafin takardar umarni ke ceton mutum. Kamfanoni suna sabunta umarni a tsakiyar wata, kuma da zarar ka miƙa rahoto shafin yakan rufe. Wanda ya sauke kwafi ranar ziyara yana da hujja. Wanda bai sauke ba sai dai ya yi rantsuwa, rantsuwa kuwa ba ta cin shari'a a wurin edita.

Me ya sa edita ke dawo mini da tambayoyi yana rage mini maki?

Kamfanoni da yawa suna ba kowane rahoto maki, sau da yawa daga 1 zuwa 10, kuma matsakaicin makinka ne ke buɗe maka ayyuka masu tsoka ko ya rufe su. Abin da ya fi jawo ragi shi ne saɓani tsakanin amsa da bayani: ka danna "e, an gaishe ni", a bayani kuma ka rubuta cewa ba wanda ya ɗago kai. Sai kuma duk "a'a" da ba ka yi wa bayani ba.

Edita yana son abin da ido ya gani da abin da kunne ya ji, ba ra'ayi ba. "Ba ta da fara'a" ra'ayi ne. "Ba ta dube ni ba, ba ta yi murmushi ba, ta ce 'na gaba' tana kallon allon kwamfuta" shi ne rahoto. "Na daɗe a layi" ba ya aiki. "Na shiga layi 12:41, mutum uku a gabana, an karɓe ni 12:49" yana aiki.

Gaskiya ne editoci ba bakinsu ɗaya ba. Wani zai ce ka tsawaita, wani a kamfani ɗaya ya ce ka taƙaita. Wannan abin haushi ne na gaske, kuma ba laifinka ba ne. Amsa tambayarsu cikin awannin da suka ba ka, a taƙaice, ka ajiye gardama don ranar da kuɗi ke ciki. Maki ɗaya da aka rage bai kai a ɓata hulɗa a kansa ba.

Takardar umarni ta ce wani abu, fom ɗin rahoto ya ce wani. Wanne zan bi?

Kada ka zaɓa da kanka. Karanta duka biyun kafin ziyara, domin fom yakan tambayi abin da umarni bai ambata ba, kamar tsabtar banɗaki ko adadin akwatunan biya da ke buɗe. In sun saɓa, tura wa mai rabon aiki imel, ka ajiye amsarsa. Abin da aka faɗa maka a waya, ka bi shi da saƙo: "Kamar yadda muka yi magana, zan sayi kaza maimakon kaza." Edita bai ji wayarku ba.

Na isa na tarar an rufe, ko ma'aikacin da aka ce in gani ba ya nan.

Ɗauki hoton ƙofar, da allon suna, da duk wata sanarwa da aka manna, da lambar gini. Rubuta lokaci. Sanar da mai rabon aiki kana tsaye a wurin. Kamfanoni da yawa suna biyan wani ɓangare na lada a kan reshen da aka rufe, sau da yawa rabi, amma da sharaɗin ka je cikin lokutan aiki, kuma wasu suna so ka buga waya tun kafin ka fita. In umarni ya ce a kira a tabbatar, ba ka kira ba, ba za ka ga ko sisi ba.

Ziyarar da ke neman takamaiman mutum, irin ta gidajen haya da dillalan mota, ta fi wahala. Kana iya kira sau biyar a kwana uku kafin ka same shi, kuma ba a biyan waɗannan kiraye-kirayen. Ka tambaya tun farko sau nawa za ka gwada kafin a yarda ka ga wani.

Idan ma'aikatan suka gane ni fa?

Yawancin kamfanoni ba sa biyan ziyarar da aka gane mai yinta, kuma ba za a sake tura ka reshen ba. Abin da ke tona mutum sananne ne: kallon bajen suna a ƙirji fiye da kima, duba agogo a kai a kai, rubutu a fili, tambayar da aka haddace kalma da kalma, da dagewa a kan rasit na abu ɗan mitsitsi. Ma'aikata sun san labarin da ake ba masu siyayyar sirri, don wata-wata suke jin sa. Faɗi shi da irin maganarka. Rubuta lokuta a waya kamar mai tura saƙo, sauran bayani ka bari sai ka yi nisa da wurin, ba a filin ajiye motocinsu ba, don kyamara tana kallon nan ma. In aka tambaye ka kai tsaye, nuna ba ka san zancen ba, ka ƙarasa cinikinka, sannan ka gaya wa kamfanin abin da ya faru.

Akwai ayyukan da dama a bayyane ake yinsu, inda za ka nuna wa manaja takardar izini ka duba farashi ko ka ɗauki hotuna. A irin waɗannan matsalar ita ce manajan da ba a sanar da shi ba. In ya hana, kada ka yi jayayya: karɓi sunansa, ka fita, ka ba da rahoto.

Mai kanti ya musanta abin da na rubuta.

Yana faruwa, musamman inda makin da rahoto ya ba kantin ke shafar ƙarin kuɗin manaja. Za a ɗauko bidiyon kyamarar kanti a gwada da lokutan da ka bayar. In lokutanka sun yi daidai, maganarka ta tsaya. In ka yi kirdado, ka ce minti 8 alhali bidiyo ya nuna 4, duk sauran rahoton ya zama abin shakka, har da wuraren da ka faɗi gaskiya. Shi ya sa ba a ƙiyasin lokaci, kuma ba a cike gurbin abin da aka manta da abin da ake zato.

Rahotona zai iya sa a kori wani daga aiki?

Zai iya jawo masa gargaɗi, ko asarar ƙarin kuɗi, kuma a wasu wuraren yana shiga cikin abin da ake tarawa a kansa. A ayyukan gwada ko ana duba shekarun mai saye kafin a sayar da taba ko giya, sakamakon yakan yi tsanani. Wannan nauyi ne, kuma muna ganin duk mai wannan aiki ya kamata ya ji shi. Mutumin da ke gabanka wataƙila awa bakwai ke nan yana tsaye, shi kaɗai a wurin mutum uku. Ba a ce ka rufa masa asiri ba, don in ka ƙara masa makin da bai samu ba ka ci amanar aikin. Abin da ke hannunka shi ne cikakken hoto: in layi ya yi tsawo saboda akwati ɗaya ne a buɗe cikin biyar, rubuta haka, domin wannan laifin tsari ne ba nasa ba. In ya yi abin kirki da fom bai tambaya ba, sa shi a bayani. Kada ka kai masa haushin jinkirin biyanka ko na editan jiya. Kuma in ba ka tabbatar da suna ba, ba da kwatanci, kada ka ɗora wa wani laifin wani.

Me ya sa aiki ke yawa yau, gobe babu?

Kwangilar mai kanti tana ƙarewa, ko ta koma wani kamfani, ba mai sanar da kai. Ga kuma dokar tazara: ba za ka koma reshe ɗaya ba sai bayan kwana 30, 60, 90, wani lokaci shekara, don kada a saba da fuskarka. Wasu ayyukan suna neman wani rukunin shekaru ko mai irin wata mota. A manyan birane masu yi sun yi yawa, aiki yana fitowa a allo ya ɓace cikin mintuna.

Ƙarin lada yana fitowa ne idan wa'adin kamfanin ya matso ba wanda ya ɗauka, galibi ƙarshen wata ko a rassan da ke nesa. Kana iya neman ƙari da kanka: faɗi ranar da za ka je da adadin da zai sa tafiyar ta yiwu. Ka tabbata an rubuta ƙarin a shafin aikin ko a imel kafin ka tashi.

Na karɓi aiki, wani uzuri ya taso.

Sanar da mai rabon aiki nan take, ka nemi a ɗaga rana ko a cire ka. Wanda ya yi shiru ya bar wa'adi ya wuce ana sa masa alama a asusunsa, biyu ko uku sun isa a rufe shi. Masu rabon aiki sukan yi wa kamfani fiye da ɗaya aiki, kuma suna tuna suna.

Yaya zan bambanta kamfanin gaske da 'yan damfara?

Kamfanin gaske ba ya karɓar kuɗin rajista, ba ya sayar maka da jerin ayyuka, kuma ba ya aiko maka da kuɗi kafin ka yi aiki. Damfarar da ta fi shahara, wadda hukumar FTC ta Amurka, mai kare haƙƙin masu saye, ta daɗe tana gargaɗi a kanta, ita ce ta cakin banki: a aiko maka da caki mai kauri, a ce ka saka a asusunka, ka riƙe ladanka, ka "gwada" wani wurin tura kuɗi ta hanyar tura musu sauran kuɗin, ko ka sayi katunan kyauta ka turo lambobin da ke bayansu. Banki yana iya nuna maka kuɗin cikin 'yan kwanaki, amma gano cewa cakin jabu ne yana ɗaukar makonni. Ranar da ya dawo, kai za ka biya bankin duk abin da ka tura.

'Yan damfara suna aron sunayen kamfanonin gaske da tambarinsu. Duba abin da ke bayan alamar @ a adireshin imel, ka shiga shafin kamfanin da hannunka maimakon danna mahaɗin da aka turo. Ƙungiyar MSPA, wadda ta haɗa kamfanonin wannan sana'a a Amurka, Turai da Afirka, da yankin Asiya da Pasifik, tana da jerin mambobinta. Tana kuma ba da takardar shaidar horo ta kuɗi, amma wannan zaɓi ne, ba sharaɗin fara aiki ba.

Haraji fa?

Ba a cire maka komai daga lada, don haka lissafin yana wuyanka, kuma doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Amurka, wanda ribarsa ta aikin kai ta kai dala 400 a shekara yana biyan harajin masu zaman kansu na kashi 15.3 cikin ɗari, ban da harajin kuɗin shiga, ko kamfani ya aiko masa da takardar 1099, wadda ke nuna jimillar abin da ya biya shi, ko bai aiko ba. A Birtaniya akwai rangwamen fam 1,000 a shekara da ba a biyan haraji a kansa, wanda in kuɗin ya haura shi sai an yi rajista da hukumar haraji ta HMRC.

Ko'ina kake, buɗe jadawali ɗaya mai waɗannan ginshiƙai: rana, kamfani, lambar aiki, reshe, lada, ƙari, abin da ka kashe, iyakar mayarwa, nisan tafiya, ranar da ake sa ran biya, ranar da kuɗi ya shigo. Raba lada da mayarwa yana da muhimmanci, domin wasu kamfanonin suna haɗa su a jimla ɗaya. Jadawalin nan kuma shi zai nuna maka, bayan wata uku, kamfanin da ke cin lokacinka a banza.

Zan iya naɗar murya ko bidiyo a ɓoye don in kare kaina?

Kada ka yi sai kamfanin ya umarce ka a rubuce. A wasu wuraren, kamar jihar Kalifoniya da ƙasar Jamus, naɗar zancen mutum na sirri ba da yardarsa ba laifi ne. A ayyukan bidiyo na hukuma, mai kanti ne ke karɓar amincewar ma'aikatansa tun da farko. A Tarayyar Turai, dokar kare bayanai ta GDPR da ta fara aiki a 2018 ta shafi sunan ma'aikaci da kwatancinsa, shi ya sa wasu fom ɗin can ba sa neman suna sam. Jihar Nebada a Amurka ta ma fi tsauri: ba a siyayyar sirri a can sai a ƙarƙashin kamfanin da ke da lasisin binciken sirri. Abin da ba mai hana ka shi ne naɗar muryarka kai kaɗai bayan ka bar wurin, kana faɗin suna, lokuta da kalmomin da aka yi maka tun ba su gushe ba, sannan ka goge bayan wa'adin ajiyar da yarjejeniya ta gindaya ya cika.